Muryar Goggo a kan akwatin Kaka

An rubuta wannan ne daga muryar da Goggo ta turo a zauren 'yan uwa na WhatsApp, saboda waɗanda suka ce ta ƙi buɗuwa a wayarsu.

Assalamu alaikum, 'yan uwa, barkanmu da yamma. 'Yata amarya, na ga hoton da kika turo tun da hantsi, akwatin ƙarfen Kaka da 'yar battar tagullar nan da kika samu a ciki. Kin ce wane fenti za ki sa a yi masa, ruwan gwal ko fari, don ya shiga da kujerun falonki. To ni dai ba maganar fenti na ji ba. Abin da na ji shi ne kina tsoron ƙawayenki su zo ganin ɗaki su ce kin ajiye tsohon tarkace a falo. Shi zan amsa miki.

Kada ki yi masa fenti. Don Allah kada ki yi. Furannin nan ja da kore da kike gani a murfin, da hannu aka zana su, kuma ranar da aka shafe su sun tafi ke nan. In akwati mai sheƙi kike so, ki je tsohuwar Panteka, maƙeran nan za su buga miki sabo daga falange ki zaɓi kalar da ranki ke so. Amma wannan da shi aka kai Kaka ɗakin miji. Sannan mai fenti sai ya fara kankare tsohon kafin ya shafa sabo, kuma fentin da can akwai mai dalma a ciki. Kun dai tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Can ta wajen haƙar zinare ce, na sani, amma gubar ɗaya ce, ba na son ƙurar nan a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Abin yi kaɗan ne. Ki goge shi da busasshen tsumma, inda tsatsa ta kama ki ɗiga man keken ɗinki ki murza a hankali. Kada ki ajiye shi a kan siminti, kin san damshin Kaduna in Agusta ya shigo, ta ƙasa tsatsa ke cin akwati. Ki ɗora shi a kan katako ko ɗan benci. Shi ke nan.

Battar kuwa, ita ce ta hana ni sukuni tun da na ga hoton. Aikin Bida ne, ko shakka ba na yi, dubi zanen da aka bubbuga a jikinta, irin na Nufawa ne. In kina so ki tabbatar tagulla ce ta gaske, ki kawo maganaɗisu kusa da ita. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa rufi. In ya ƙi kamawa, to ki riƙe abinki da kyau. A irinta Kaka take zuba goro in za a yi baƙi, wani lokaci turaren wuta.

Mu ma Innarmu, Allah Ya jiƙanta, tana da irinta, babba ma, mai hawa uku, kowane hawa da murfinsa. Tun muna Tudun Wada, lokacin Baba yana aiki a masaƙa a Kakuri, duk ranar jajibirin Sallah ni ake ba aikin wanke ta. Lemun tsami da toka mai laushi, in zauna a bakin rijiya in yi ta murzawa har in ga fuskata a murfin. Hawan ƙasa goro, na tsakiya 'yan kunnenta da warwaro, na sama kuɗi. Bayan an canza kuɗi a 1973, da naira ta maye gurbin fam, ba ta zubar da tsofaffin ba, akwai kwabo mai huda da sisi da sule a ƙulle a ƙyalle, ta ce jikoki za su gani. Jikokin ba su gani ba. Bayan rasuwarta, ko sadakar arba'in ba a yi ba, aka ce za a share ɗaki, wani daga cikinmu, ba zan kama suna ba, ya san kansa, ya kira 'yan jari-bola. A sikeli suka ɗora ta, a sikeli fa, kamar tsohon rodi. Ina dawowa daga Zariya na tarar da ɗaki wayam. Na bi har Panteka kwana biyu ina tambaya rumfa-rumfa, wani dattijo ya ce min Hajiya ki yi haƙuri, irin wannan ba ya kwana, narkarwa ake yi. Wallahi a bakin titi na tsaya ina hawaye. Na yafe, tuni na yafe, amma har gobe in na shiga gidan tarihin nan na titin Ali Akilu na ga irin kayan nan a bayan gilashi, sai zuciyata ta karye. Abin da hukuma ke kullewa ana gadi, mu muka sayar da shi a kilo.

To, ina nake? Wanki. Na ce lemun tsami da toka, amma bari in gyara, kada ki yi yadda nake yi ina yarinya. Yawan dirza yana cinye zanen, ta Inna ma gefen murfin ya soma shafewa saboda hannuna. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, ki ɗauraye, ki tsane ta sosai nan take, don in ruwa ya kwana a lungun zanen kore take yi. Baƙin da ke cikin ramukan zanen ki bar shi, shi ke fito da adon. Kuma ban da soson ƙarfe.

Na hango wani ɗan abu a kusurwar hoton kamar tandun kwalli. In shi ne, wannan fata ce, ko kusa kada ruwa ya taɓa shi, laushi zai yi ya lotse. A kabad mai gilashi za ki sa shi tare da battar.

Wata a zauren nan ta ce ai yanzu ana kawo akwatuna masu kama da na da daga waje, masu kyau, a Kasuwar Gumi ma akwai. Akwai, ban ƙi ba, ki saya ki zuba mayafai. Sai dai yawanci garin katako ne aka matse aka lulluɓe da leda mai zane, damina biyu ya kumbura. Wancan ado ne kawai... bar shi dai, ba shi aka tambaya ba.

Abu ɗaya kuma, amarya. Kafin ki taɓa komai, ki duba takardar da aka shimfiɗa a ƙasan akwatin. Mutanen da jarida suke shimfiɗawa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ko New Nigerian. In akwai, kada ki yaga, ki nemi kwanan watan da ke sama, zai nuna miki tun yaushe Kaka ta yi wannan shimfiɗar. Ki ɗaga ta a hankali, tsofaffi suna ɓoye abu a ƙarƙashi, hoto ko rasit ko laya. Ki ɗauko min hoton cikin da na ƙasansa ki turo min yau ɗin nan. In kuma kin ga duk da haka ba ya shiga falonki, kada ki ba kowa, ki kira ni, zan aiko mai Keke Napep ya ɗauko min shi. An kira magariba, sai na ji ki.