An sa wa katangata jan fenti, injin kuma yana yashe gulbi kusa da garkata

Wani Alhaji daga Harobanda, a nan Yamai, ya aiko da tambaya biyu. Ma'aikata sun zo sun sa jan fenti a katangar gidansa da rumfar shagonsa, wai za a faɗaɗa hanya a yi magudanar ruwa. Sannan wani kamfani yana kwasar rairayi a bakin gulbi, gaɓar garkarsa tana zaftarewa.

Alhaji, jan fenti ba hukunci ba ne. Doka mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka yi wa gyara da doka 2008-37, ta ba hukuma damar karɓar fili don amfanin jama'a, amma da sharaɗin a biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Da farko akwai dikiri, wato takardar umarnin gwamnati, da ya ayyana aikin a matsayin na amfanin jama'a, da binciken da ake buɗewa, inda jami'in bincike ke ajiye rajista don kowa ya rubuta abin da ya mallaka da kokensa. Nan ne yawancin mutane ke yin sake. Suna zaune suna jiran mai unguwa ya yi magana a madadinsu, har a rufe rajistar babu sunansu. Ka je da kanka, da takardar filinka da kwafinta, a rubuta tsawon katangar, da ƙofar ƙarfe, da shadda in tana wajen, har bishiyar mangwaro, don ita ma ana yi mata kuɗi.

In kwamitin sulhu, wanda ke neman a daidaita kan kuɗin diyya, ya yi maka tayin da bai kai ba, kada ka sa hannu don kunyar manya. Da zarar ka sa, ka rufe wa kanka ƙofa. In ka ƙi, alƙali ne zai yanke adadin.

Rumfar kuwa, gaskiya ɗaya ce: in ta shigo cikin titi, a kan filin hukuma take. Takardar harajin kasuwa da kake biya ba ta mayar da wurin naka. Waɗanda aka rushe wa shaguna a bakin titunan Yamai a 2016 sun san wannan. Ka kwashe kwanonka da katakonka tun da wuri.

Batun gulbi ya bambanta. A ƙarƙashin dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010, gulbi da gaɓarsa dukiyar ƙasa ce, don haka ba kowa ke sa inji a ciki ba sai da izini, kuma babban aiki sai an yi nazarin illarsa ga muhalli, kamar yadda dokar 14 ga Mayu 2018 ta tanada. Ni ban ƙi yashe gulbi ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Lamorde da Kirkisoye ba zai ƙi ba. Amma izini, ko da suna da shi, bai halatta musu ɓarnar garkar wani ba.

Ka ɗauko jami'in shari'a mai rubuta shaidar gani da ido, ya auna inda ƙasa ta zaftare, ya ɗauki hoto da kwanan wata. Sai ka rubuta wa hukumar birni da ma'aikatar muhalli kana neman a nuna izinin, ka tabbata an buga maka hatimi a kwafinka. Da waɗannan takardu lauyanka zai iya neman alƙalin gaggawa ya dakatar da aikin a gefenka, a ci gaba da shari'ar diyya daga baya.