Walimar aure a lambu: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa ranar aurena a tsakiyar watan Disamba, kuma ni da angon mun yanke shawarar ba za mu kama zauren taro ba. Kawuna yana da lambu a bayan garin Kano, mai itatuwan mangwaro da ɗan fili mai ciyawa, kuma ya amince a yi walimar a can. Muna sa ran baƙi kamar 200. Ina son taron ya ƙayatar, ya kuma nuna cewa namu ne, ba irin adon da ake gani a kowane biki ba. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Kafin ki yi magana da mai ado ko ki zaɓi launin anko, ki je lambun da ƙafarki a daidai lokacin da kike son a yi taron, ki zauna tun daga la'asar har a kira magariba. Ki lura da inda inuwa take faɗawa da yadda take matsawa, da ɓangaren da iska take fitowa, da bishiyar da tsuntsaye suke taruwa a kanta idan rana ta kusa faɗuwa, da kuma abin da hanci yake jiyowa daga maƙwabta, domin lambunan bayan gari sau da yawa suna maƙwabtaka da gidan kaji ko juji. Zauren taro an gina shi ne domin ya raba mutane da rana da iska da ƙura, shi kuwa lambu ba ya raba ku da komai, don haka shi zai faɗa miki inda za a kafa mazaunin amarya da inda za a ajiye abinci. Mai adon da ya zana miki tsari alhali bai taka wurin ba, hoton wani wuri yake sayar miki.

Ta fuskar lokaci kin dace. Ruwan sama a Kano yakan yi ƙarfi ne daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta, sannan daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, ta yadda zama a fili da yamma yake zama azaba ga baƙi. Disamba ta kuɓuta daga duka biyun, amma tana da nata halin, wato hunturu. Iskarsa tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, tana busar da fata da furanni, tana kuma kawo sanyin da yake sauka da sauri da zarar rana ta faɗi. A tsakiyar Disamba rana tana faɗuwa a Kano da misalin ƙarfe 6, la'asar kuwa tana shiga bayan ƙarfe 3 da rabi, ke nan sa'o'i biyu da rabi kacal kike da su na haske mai daɗi. Wannan shi ne wurin da yawancin bukukuwan fili suke lalacewa: amarya takan daɗe wajen mai kwalliya, ta iso ana shirin kiran salla, a yi hotuna cikin duhu, tsofaffi kuma sun riga sun fara neman mota saboda sanyi. Shawarata ita ce a rubuta ƙarfe 3 da rabi a katin gayyata, a tanadi wurin salla a cikin lambun domin mutane su yi la'asar a nan, ke kuma ki shigo kafin ƙarfe 4 da rabi ko da kujeru ba su cika ba. Hasken sa'ar ƙarshe kafin faɗuwar rana shi ne mafi kyau ga hoto, kuma ɗan hazon hunturu yana ƙara tausasa shi.

Sai batun adadi. Kin ce 200, amma kowa ya san yadda gayyata take a wurinmu: kati ɗaya yakan kawo uwa da 'ya'yanta biyu da maƙwabciya. Ki yi lissafin abinci da kujeru da rara, sannan ki auna filin da gaske, da igiyar awo. Teburi mai da'ira wanda faɗinsa ya kai mita ɗaya da rabi yana ɗaukar mutum 8, don haka baƙi 200 suna buƙatar tebura 25, ban da hanyar wucewa tsakaninsu da filin da ke gaban amarya da wurin raba abinci. Idan filin ciyawar bai ɗauki wannan ba, kada ki cusa. Ko dai a rage tebura a yi wani ɓangare na zama a kan darduma, ko kuma a raba taron, a yi walimar jama'a a gida, a bar lambu ga dangi da aminai. Ni na fi karkata ga na biyun, domin taron da mutane suka san juna shi ne yake jin kamar na masu shi. Lambu kuma ba shi da katangar da zauren taro yake da ita, saboda haka a tsayar da ƙofa guda ta shiga, a sa wani ɗan'uwa da ya san fuskokin dangin ɓangarorin biyu tare da masu gadi. Yaran unguwa da almajirai za su zo, wannan babu makawa, kuma abin da ya dace shi ne a ware musu abincinsu a raba a wajen ƙofa cikin mutunci, maimakon a tsaya ana korarsu a gaban baƙi.

Yanzu ga abin da mutane ba sa son ji. Biki a lambu ba lallai ne ya fi na zaure araha ba, ko da an ba ki filin kyauta, domin duk abin da zaure yake bayarwa ba tare da an lura ba, a nan sai kin kawo shi da kuɗinki: wuta, ruwa, banɗaki, kujeru, da wurin ajiye motoci. A kan waɗannan ya kamata kuɗin farko ya tafi, ado ya biyo baya da abin da ya rage. Banɗaki ɗaya na mai gadin lambu ba zai ishi mutum 200 ba. Ki nemi aƙalla huɗu, na mata daban na maza daban, da haske a ciki da mai kula da tsabtarsu har a tashi. Ki tanadi tankin ruwa da butoci masu yawa, a yi wurin alwala nesa da hanyar wucewa don kada ya zama taɓo. Janareto a ajiye shi can nesa ta ɓangaren kudu maso yamma, yadda iskar hunturu za ta tafi da hayaƙinsa da ƙararsa maimakon ta kawo su kan tebura, wayoyin kuma a rufe su duk inda suka ratsa hanya. A gwada shi da dukkan fitilu da lasifika a daren jajibiri, ba ranar ba.

Ƙasar wurin ma tana son kulawa. A Disamba ciyawar da ba a shayar da ita ta riga ta bushe, don haka idan kina son kore sai a fara ba ta ruwa makonni kafin ranar, sannan a dakatar kwana ɗaya ko biyu kafin taro don ƙasa ta yi tauri, in ba haka ba ƙafafun kujeru da takalma masu tsini za su riƙa nutsewa. Inda babu ciyawa a yayyafa ruwa da hantsi don ƙura ta kwanta. A sassabe duhuwar da ke gefe, a duba ramuka da gidajen tururuwa, a yi feshin sauro kwana biyu kafin ranar domin warin maganin ya fita. Ki ɗaga kai ki duba mangwaron kuma: a rani yake fure, furensa yana jawo ƙudan zuma, kuma zoɓo da lemon da aka bari a buɗe suna ƙara kiransu. Bishiyar da kika ga tsuntsaye ko jemagu suna kwana a kanta, kada a sa teburin abinci a ƙarƙashinta komai kyawun inuwarta.

Idan waɗannan sun kammala, sai mu zo ga abin da ya fi damunki, wato kyau. Babban kuskuren da nake gani shi ne a ɗauko adon zaure sukutum a dasa a lambu: fararen labule daga sama har ƙasa, furannin roba, da katon allo a bayan amarya wanda yake rufe itatuwan da aka zo dominsu. Farin yadi a hunturu kan koma ruwan ƙasa kafin la'asar, iska kuma tana kayar da duk abin da aka tsayar mai faɗi. Ki zaɓi bishiyar da ta fi kowace kyau a lambun ki sa mazauninku a gindinta, kuna fuskantar yadda rana ba za ta shiga idon baƙi ba kuma ba za ta kasance a bayanku ta baƙanta hoto ba. Launi biyu sun isa, uku shi ne iyaka, tunda koren ganye ya riga ya zama na farko. Kina kuma garin da ba ya buƙatar aron ado daga ko'ina. Shuɗin yadin da ake rinawa a marinar Ƙofar Mata yana kyau ƙwarai a kan teburi a ƙarƙashin koren mangwaro. A kasuwar Kurmi za ki sami tumtum na fata da faifai masu launi da ƙore da aka yi wa zane; faifai ya zama marufin abinci, wanda kike buƙata dama saboda ƙura da ƙuda, ƙwarya ta ɗauki dabino da goro, tulun ƙasa ya ɗauki rassan ganye. Yadin da za a shimfiɗa da yawa a saye shi a Kantin Kwari a ba tela ya kalmashe, ya zama naku bayan biki. Furanni masu rai ana kawo su daga Jos saboda sanyin can, amma busasshiyar iska tana kashe su cikin sa'o'i, don haka ki taƙaita su ga mazauninki, a ajiye su cikin ruwa a inuwa har zuwa lokacin shigowar baƙi.

Abin da zai sa a ce taron naku ne ba saya ake yi ba, daga gidajenku biyu yake fitowa. Idan kakarki tana da tasoshi ko fantekan da aka kai ta da su gidan miji, ki roƙa a jera su a teburin kayan zaƙi da alkaki da nakiya da dubulan. Idan angon ɗan wani gari ne, a sa abincin garinsu kusa da na Kano. Turaren wuta a kasko biyu ko uku ta ɓangaren da iska take shigowa zai gauraye filin gaba ɗaya, sai dai a ɗora kaskon a kan yashi nesa da busasshiyar ciyawa, a kuma sa mai tsaronsa, domin gobarar hunturu ba ta jira. Saboda wannan dalilin ne ban ba da shawarar kyandir ba. Ƙananan fitilu masu haske ruwan ɗorawa da aka rataya a rassa sun fi aminci, sun fi kyau a fuska, kuma ba sa tara ƙwari kamar fararen fitilu masu ƙarfi.

A ɓangaren abinci lambu yana ba ki damar da zaure yake hanawa, wato a dafa a gaban mutane. Mai tsire a gefe guda, mai toya masa a wani, sannan mai shayi ya fara aiki da zarar sanyi ya sauko. Wannan ya fi shinkafar da aka zuba a roba tun safe. Dafaffen abinci kada ya wuce sa'o'i biyu a waje ba a kan wuta ba kuma ba a cikin kula ba. Kunun aya da fura da nono da salak mai haɗin ƙwai suna saurin lalacewa, a bar su cikin ƙanƙara har lokacin rabawa.

Ki tuna da iyaye. A ba su wuri kusa da ƙofa da banɗaki, a kujeru masu majingina, a cikin rumfa mai rufe ta ɓangaren iska, kuma a sanar da su tun a kati cewa a fili za a zauna domin su zo da mayafi mai kauri. Ki tambayi iyayenku biyu tun da wuri ko suna son a raba mazaunin maza da na mata, domin a lambu layin itatuwa ko shingen zana mai tsabta yana yin wannan aikin cikin sauƙi idan an tsara shi tun farko. A Kano hukumar Hisbah tana sa ido kan tarukan biki, sauti kuma yana tafiya nesa a fili, don haka a rage lasifika, a kashe ta lokacin salla, a kuma gaida mai unguwa da maƙwabtan lambun kafin ranar. Ke kanki ki guji riga mai jan ƙasa da takalmi mai siririn tsini.

Ranar taro kada ki zama ke ce ake tambaya ina makullin tanki. Ki naɗa mutum ɗaya, yaya ko ƙanwar mahaifiya mai faɗa a ji, ki ba ta jerin lokuta da lambobin duk masu aiki. Ki kuma zauna da kawunki ku yi magana dalla-dalla a kan inda motoci za su tsaya, da itatuwan da bai yarda a buga musu ƙusa ba, da wanda zai biya idan an karya masa bututun ban-ruwa. Kuɗin masu shara da kwashe kujeru washegari ki sa shi cikin kasafi tun yanzu, ki biya rabi kafin biki, sauran kuma sai kawu ya zagaya lambunsa ya ce ya gamsu.