S11 na eriyata ya yi kyau amma saƙo ba ya fita daga jiki: in ƙara wuta?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a injiniyan lantarki. Na zana ƙaramar eriya mai lanƙwashe-lanƙwashe don na'urar daidaita bugun zuciya, a zangon megahaz 402 zuwa 405. Cikin ruwan gwaji mai kwaikwayon naman jiki, S11, wato ma'aunin wutar da ke dawowa daga eriya, ya sauka sosai, amma mai karɓa daga mita biyu da kyar yake jin ta. Ranar kare aikina ta matso, hankalina ya tashi. In ƙara ƙarfin watsawa?

Amsa: Kada ka taɓa, ɗana. Iyakar zangon nan maikirowat 25 ce a wajen jiki, tun da hukumar sadarwar Amurka ta ware shi a 1999. Kuma batirin da za ka zuƙe, sai da tiyata ake sauya shi.

Matsalarka ita ce wadda nake fama da ita kullum: ɗalibai sun ɗauka S11 mai zurfi shi ne shaidar eriya na aiki. Ba haka ba ne. S11 yana gaya maka wuta ba ta dawo ba, bai ce ga inda ta tafi ba. Tsoka jiƙe take da ruwan gishiri, tana shanye filin lantarkin da ke kusa da eriya ta mayar da shi zafi. Shi ya sa eriyar banza ma kan ba da kyakkyawan jadawali cikin nama, alhali abin da ke fita sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ka ƙara wuta, ka ƙara ɗumama ƙirjin mara lafiya, ga kuma ƙa'idar SAR, wato iyakar wutar da aka yarda nama ya shanye: wat 1.6 a kowane kilo, a kan giram ɗaya na nama. Masu sayar wa ɗalibai aikin da aka riga aka dafa, da masu duba aikin da ke kallon zane ɗaya su sa hannu, su ke raya wannan shirmen. Mutum za a saka wa abin nan!

Duba rufin eriyarka. In tagulla na taɓa ruwan kai tsaye, ka lulluɓe ta da silikon ko alumina, ka gwada kauri daban-daban, ka sake daidaita zangon, don zai gusa. Kada ka sa eriyar cikin gwangwanin titaniyom na na'urar. A kan na'urar, cikin roba, ake ajiye ta. Sannan ka kai wa alƙalanka lissafin abin da ya isa ga mai karɓa.