Idan baki ya riga murya

Ka tambaye ni jiya me ya sa kaset ɗin bikin da ka juya zuwa kwamfuta ya fara lafiya lau, amma kafin a kai wurin kamu sai ka ga zabiya ta rufe baki, muryarta kuma tana nan tafe a baya. Zauna, ɗana, wannan shi ne wurin da ake gane wanda ya iya aikin.

Kafin ka taɓa komai, duba wuri uku: farkon bidiyon, tsakiyarsa, da ƙarshensa. Nemi abin da ido da kunne za su kama tare, kamar tafi, ko saukar sanda a kan kalangu. Amma ya kasance kusa da kyamara. Na taɓa juya wani kaset na hawan Sallah a Ƙofar Soro ta Katsina, zamanin marigayi Sarki Muhammadu Kabir Usman, na daidaita ƙarar bindiga da tashin hayaƙinta, sai maganar duk wanda ke kusa ta riga bakinsa. Ashe 'yan bindigar suna can nesa, sauti kuwa mita 340 kawai yake ci a sakan ɗaya. Jinkirin da na goge na gaskiya ne.

In tazarar iri ɗaya ce a wuraren uku, ka huta. Buɗe bidiyon a VLC, manhajar kallon bidiyo, ka riƙa danna J ko K, kowane dannawa yana matsar da sauti kashi 50 cikin 1000 na sakan. Ƙirga sau nawa ka danna, ka matsar da shi haka a wurin tace bidiyo.

In kuwa tazarar tana ƙaruwa sannu a hankali, to lissafi ne bai zo ɗaya ba. Kaset ɗinmu na Najeriya PAL ne, hoto 25 ke wucewa a sakan. Wanda aka kawo daga Amurka NTSC ne, 29.97. Yaro ya ga haka ya ce ai 30 ke nan, ya rubuta 30. Wannan ɗan abin da ya raina, cikin awa ɗaya sakan uku da rabi ne har da ɗoriya. Sauti ma haka: na bidiyo sau 48,000 ake auna shi a sakan, na faifan CD sau 44,100. In na'ura ta ɗauki na CD a matsayin na bidiyo, kunnenka ma zai gaya maka, don dattijo zai koma magana da siririyar murya.

Naka ba ko ɗaya daga ciki ba ne. Na duba, tazarar tsalle take yi. Ta tsaya cik na minti goma, sai hoto ya ɗan girgiza, layi ya ratsa ƙasan allo, daga nan ta ƙaru. Kaset ne da ya shekara ashirin cikin akwati yana shan zafi da ƙurar hunturu. Duk inda zaren ya gaji, na'urar ɗauka tana zubar da hotunan da ta kasa karantawa, sauti kuwa ba ya tsayawa jiran kowa. Kowane hoto ɗaya kashi 40 ne cikin 1000 na sakan. In 25 suka zube, sakan guda ya tafi. Irin wannan ba a gyara shi da jan sauti, ka daidaita nan ya ɓaci can. Sake ɗauka ake yi.

Ka tura kaset ɗin har ƙarshe, ka dawo da shi farko, zaren ya saki jiki. Ka tsabtace kan na'urar bidiyon, wurin da ke karanta zaren. Ka bi da shi ta na'urar nan ta TBC da ke ƙarƙashin tebur, ita ke daidaita lokacin hoton kafin ya shiga kwamfuta. Ka rufe duk wata manhaja, kada ka bar intanet a buɗe, idonka kuma na kan wurin da ake ƙirga hotunan da suka zube. Sifili nake so in gani.

Bidiyon waya daban ne, saurin hotonsa hawa da sauka yake yi, sai an bi da shi ta manhajar HandBrake an tsayar da shi wuri ɗaya. Wannan sai wani lokaci.

Kada ka ba Hajiya, mai kaset ɗin, filashin da ka sa bidiyon a ciki. Mahaifiyarta ta rasu, kuma nasihar da ta yi mata daren kai amarya tana minti na 70, daidai inda murya ta fi yin baya. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, za mu sake ɗauka tare.