Amsa: ruwa nawa za a ɗauka a mota mai ɗaki?

Ɗan'uwa, ka ce kai da uwargida da yara biyu za ku yi hayar mota mai ɗaki (wadda ke da wurin kwana da girki da banɗaki a ciki) daga Jamus zuwa Faransa, kana tambaya ko ka cika tankin ruwa tun daga gida. Ni dai ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga tankin lita 100 ya zama kilo 100 ke nan. Lasisin tuƙi na B kuma, wato na ƙananan motoci a Turai, bai yarje maka wuce kilo 3,500 ba, har da nauyin motar kanta da mutane da gas da kayan abinci. Da ku huɗu a ciki, nan da nan za ka ƙure nauyin, kuma idan 'yan sanda suka ɗora motar a ma'auni, tara ce. Birki ma yana jin jiki a gangara.

Ka tashi da lita 20 zuwa 30, ya isa wanke hannu da banɗaki da alwala a hanya. Faransa cike take da wuraren ɗibar ruwa na irin waɗannan motoci, sai ka cika idan kun kusa masauki. Amma in za ku kwana biyu a inda babu famfo, to ka cika taf a gari na ƙarshe.

Ruwan sha kuwa, ka ware shi a jarka, lita 2 zuwa 3 ga kowane mutum a rana, don Allah kada ka rage wa yara a lokacin zafi. Wanka ne ke cinye tanki. Ku tafi da buta, ta fi famfo tattali wajen alwala.