Tambayoyinku: Rage Tuwo da Barin Alkama ga Mai Motsa Jiki

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin girki da lafiya. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya suke, rage abinci mai sitaci da barin alkama, musamman ga masu motsa jiki. Na tsamo guda huɗu, wanda bai ga nasa ba ya duba da kyau, wataƙila amsarsa na ciki.

TAMBAYA: Slm Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min, maigidana yana fita gudu kullum bayan asuba kuma yana buga ƙwallo ran Asabar, to kwanan nan ya dawo min da zancen wai ya daina cin gulutin ya daina cin kabohaidiret, biredi a'a, shinkafa a'a, har tuwon masara ya ce a'a, wlh na rasa abin da zan ɗora a wuta, ga abubuwan da nake gani a waya irin su garin almon tsada kamar me. Daga wata matar aure a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya bar ƙauna. Ki kwantar da hankalinki, abin bai kai yadda kike tsoro ba, maigida ya haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba, kuma ba shi kaɗai ba, mutane da yawa haka suke yi.

Gulutin wani furotin ne, wato sinadarin gina jiki, da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake ce wa rai, shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana jawuwa in kin murza. Duk abin da aka yi da alkama yana da shi, biredi, gurasa, taliya, makaroni, indomi, semo, kuskus, fanke, cincin, alkaki, funkaso, dubulan. Amma gero da dawa da masara da shinkafa da acca da tamba da rogo da doya da dankali da wake, babu gulutin a cikinsu ko kaɗan. Kin ga kenan tuwon da muka taso muna ci da fura da kunu da ƙosai da alala tun asali ba ruwansu da shi, alkama ce ta yi mana yawa a faranti daga baya. Shi kuwa kabohaidiret sitaci ne da sukari, kuma yana nan dam a cikin gero da shinkafa da doyar nan da na lissafa, shi ya sa mutum zai iya barin alkama gaba ɗaya amma ya ci tuwon shinkafa malmala uku, gulutin dai bai ci ba, sitaci kuma ya ci ya ƙoshi.

In ba wani ciwo likita ya gano masa ba, ni shawarata kar ku ce za ku yanke komai, ku juya farantin ne kawai. Miya da ganye da nama ko kifi su fi yawa, tuwo ya koma ɗan dunƙule ɗaya daidai hannunsa. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 tana ɗauke da kabohaidiret wajen giram 28, kabeji giram 100 kuma wajen giram 6 ne, to ki duba tazarar. Kuma miyoyinmu ai su ne rufin asirinki, kuka, kuɓewa, karkashi, lalo, agushi, miyar alayyahu, miyar zogale da gyaɗa, duk sitacinsu kaɗan ne, ki yi ta da kauri ki cika mata busasshen kifi da daddawa yadda ko da cokali ma za a iya shanta.

Da safe in ya dawo daga gudu ki soya masa ƙwai biyu ko uku da albasa da tattasai da alayyahu, ga kindirmo mara sukari a gefe. Da rana kwaɗon zogale, ki dafa ganyen ya yi laushi ki matse ruwan sosai da hannu, ki daka ƙuli-ƙuli ki dama da ɗan ruwa ya yi kauri, ki yanka tumatir da albasa da attaruhu ki zuba ɗan man gyaɗa ki cakuɗa har kowane ganye ya samu, sai ki ɗora gasasshen kifi ko awara a kai, wlh mutum ya ci wannan sai la'asar bai nemi komai ba. Ɗanwake ma kar ki bar shi, ki dai cire fulawar, ki yi da garin wake ya fi yawa da ɗan garin rogo da kuka da ruwan kanwa, ki cika shi da kabeji da kokwamba da dafaffen ƙwai. Garin almon kuwa, wato garin wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, ki manta da shi, gyaɗa da riɗi da kwakwa suna kasuwar unguwarku.

TAMBAYA: Anti barka da warhaka. Ni saurayi ne ina zuwa jim ina ɗaga ƙarfe, sati biyu kenan na yanke tuwo da shinkafa da duk wani abu mai sitaci, satin farko na sauke kilo 3 na ji daɗi sosai, amma yanzu jiri nake ji da ciwon kai, ƙafata na ɗaurewa da dare, ƙarfen da nake ɗagawa da ma ya gagare ni. Na ci gaba ko na haƙura? Daga Kano.

AMSA: Ƙanena sannu, Allah ya ƙara lafiya. Kilo ukun nan da ka gani yawancinsa ruwa ne ba kitse ba, bari in maka bayani. Jiki yana ajiye sukari a cikin tsoka da hanta, ana kiran ajiyar gilaikojin, a jikin babban mutum takan kai wajen giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da ka yanke sitaci sai jikinka ya cinye ajiyar, ruwan ya bi fitsari ya tafi har da gishirin jiki, sikeli ya sauka, kai kuma ga zafin Kano ga zufar jim, dole ka ji jiri da ɗaurewar jijiya. Ajiyar nan kamar man da ke tankin babur take, aiki mai ƙarfi irin ɗaga ƙarfe da gudun tsere da ƙwallo da ita jiki ya fi yinsa, kitse yana ƙonewa ne a hankali, ya fi dacewa da tafiya da sassarfa.

Akwai bambanci tsakanin ragewa da yankewa. Tsarin da ake kira kito shi ne mutum ya tsaya ƙasa da giram 50 a rana, wanda ake ce wa ragewa kawai kuma yakan kai har giram 130 a rana, kuma ga mai aikin ƙarfi irinka ragewar ce shawarata, ba kito ba. Abin da za ka fara yankewa shi ne lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu da biredi da su cincin, robar lemo mai santilita 50 kaɗai tana iya ɗaukar sukari sama da giram 50, wato ta cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum na yini guda. Sitacin da ya rage kuma ka kai shi kusa da lokacin motsa jikinka, kamar awa ɗaya ko biyu kafin ka shiga jim ka ci ayaba ɗaya ko dabino uku ko ka sha kunun gero mara sukari, in ka fito ka ci dafaffen dankali ko wake ko 'yar shinkafa da nama. Ranar da ba ka je ba sai ka rage, da dare farfesu da ganye sun isa.

Furotin kuma kar ka yi wasa da shi, masana abincin 'yan wasa suna cewa giram 1.2 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyinka, in kana kilo 70 kenan giram 84 zuwa 140 a rana. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne, to ka ga ƙwai biyu da safe ba su kai ko'ina ba, sai ka haɗa da kifi, kaza, wake, awara, nono, tsire ko balangu in aljihu ya yarda, ba sai ka sayi garin furotin na gwangwani ba. Gyaɗa tana da kyau amma mai ne da ita sosai, cikin tafin hannu ya isa, ba kwalba guda a gaban talabijin ba. Ka sha ruwa da yawa, ka sha romon nama mai ɗan gishiri in ba ka da hawan jini. In jirin bai tafi ba bayan ka gyara, ko ka ji bugun zuciyarka ya canza, ka je asibiti kar ka tsaya jira.

TAMBAYA: Anti 'yata mai shekara tara tana son wasan guje-guje a makaranta, amma duk ranar da ta ci biredi ko taliya sai cikinta ya kumbura ta yi ta zawo, ga ta ba ta ƙiba, an ce jininta ma ya yi ƙasa. Maƙociyata ta ce in hana ta alkama kawai. In yi hakan? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya ya raya miki ita. Maman yarinya dan Allah kar ki hana ta tukuna, ki kai ta wajen likitan yara a fara gwaji, wannan maganar ita ce ta fi komai muhimmanci a amsar nan. Akwai ciwon da ake kira siliyak, wanda in mai shi ya ci gulutin garkuwar jikinsa take far wa bangon ƙaramin hanji har ya kasa tsotsar abinci, daga nan sai zawo da kumburi da ƙarancin jini da rashin girma. Ana fara gano shi da gwajin jini, wani lokaci a tabbatar da ɗan samfurin hanji, kuma gwajin ba ya nunawa daidai sai mutum yana kan cin alkamar, in kin cire mata tun yanzu sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Sannan tsutsar ciki da wasu cututtukan ma suna kawo irin wannan, shi ya sa ba a yin hukunci a gida.

Kusan mutum 1 cikin 100 ke da siliyak a duniya, kuma kar wani ya ce miki ciwon Turawa ne. Gaskiya ne wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano alaƙarsa da alkama, ya lura yaran da yake dubawa sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da biredi ya yi wuya, amma binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu ciwon a jikin sama da 5 cikin 100, yana daga cikin mafi yawa da aka taɓa gani, a nan Afirka.

In an tabbatar shi ne, to maganinsa barin gulutin har abada, kuma a nan ba a cewa ɗan kaɗan ba komai. Inda uwa take shan wuya shi ne wuraren da alkama ke ɓuya. Injin niƙa na unguwa wanda aka gama niƙa alkama a zuba geronki, rariya da muciya da ludayin da aka taɓa fulawa da su, man da aka soya fanke sannan aka jefa ƙosai, mai waina ko ɗanwaken da ta ƙara fulawa don ya yi auki, wasu sinadaran ɗanɗano na miya, lemon malti da ake yi da sha'ir, duk sai kin sa ido kin karanta jikin leda. Ki ware mata rariyarta da muciyarta, ki nemi mai injin da zai wanke miki ko ki niƙa a gida. Kayan da aka rubuta babu gulutin a jikinsu, ƙa'idar duniya ita ce kar gulutin ɗin cikinsu ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Kuma ki lura, ita gulutin za a cire mata ba sitaci ba, yarinya mai girma mai guje-guje tana buƙatar furarta da tuwon gero da shinkafa da wake, kar a sa ta a tsarin rage cin manya.

TAMBAYA: Hajiyarmu tana da ciwon suga, tana zagaye da ƙafa kullum da yamma, an ce ta riƙa cin tuwon alkama, wasu kuma sun ce acca. Wanne ya fi? Daga Jos.

AMSA: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, zagayen nan ta riƙe shi da kyau. Gaskiyar magana duka biyun sitaci ne kuma duka suna ɗaga suga in an ci da yawa, acca dai ba ta da gulutin, amma rashin gulutin ba shi ke sauke suga ba. Girman malmalar shi ne abin dubawa, ƙarama ɗaya da miyar ganye mai yawa da kifi. Wasu suna yin tuwon kabeji, a markaɗa kabejin a matse ruwan a tsumma mai tsabta, a tuƙa a wuta da cokali biyu na garin acca ko dawa don ya kama jikinsa, da miyar kuɓewa yana tafiya sosai, ku gwada mata ku gani ko zai karɓe ta. In kuna da na'urar gwajin suga a gida ku auna ta awa biyu bayan cin abinci, ran alkama daban ran acca daban, jikinta zai faɗa muku wanda ya fi mata.

Amma in tana allurar insulin ko tana shan ƙwaya irin gilibenkilamaid, kar ku rage mata tuwo farat ɗaya ba tare da likitanta ya sani ba, sugan zai iya faɗuwa ƙasa sosai, ga rawar jiki ga zufa har suma, musamman bayan ta dawo daga zagaye, likita ne zai daidaita maganin da sabon cin. Ta riƙa fita da dabino biyu ko alewa a jaka saboda irin haka. Masu juna biyu da masu shayarwa da masu ciwon ƙoda su ma kar su shiga wannan tsarin sai da izinin likita.