Musayar imel tsakanin aji biyu: ta ina za a fara?

Tambaya: Ina koyar da Ingilishi a wani lise, wato makarantar sakandare, a nan Zinder. Wata malama a ƙasar waje ta yarda ɗalibanmu su riƙa rubuta wa juna imel don su san al'adun juna. Yara 60 gare ni, kwamfuta ɗaya. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kwamfuta ɗaya ta isa. Ka kasa ajin gida goma, shida-shida, kowane rukuni ya rubuta wasiƙarsa a takarda, kai ka tura duka ta adireshinka. Kada yara su karɓi adireshin juna, don ta nan roƙon waya da zancen biza suke shigowa, zumunci ya lalace.

Tun farko ku daidaita kalanda da malamar: wasiƙa ɗaya duk sati biyu, a cire lokacin jarrabawa da hutu da sallah. In ba haka ba, yaro zai ji shiru kwana goma ya ce an raina shi, alhali hutu ake can.

Wasiƙar farko kada ta tsaya a "sunana wane". Akwai dabarar da shirin Cultura, na musayar al'adu tsakanin ɗalibai, ya soma a jami'ar MIT ta Amurka a 1997: a ba aji biyu kalmomi iri ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya fara zo masa. Gwada "iyali", "maƙwabci", "baƙo". Ɗan unguwar Birni ta Zinder zai lissafa kaka da baffa da abokiyar zaman uwarsa. Na can wataƙila mutum huɗu ne kawai.

Amma karatun gaske a cikin aji yake, ranar da amsa ta iso. Yaronka ya buɗe da layi biyar na gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina zafi. An mayar masa da gaisuwar kalma ɗaya, sai tambaya. Shi ya ga rashin ladabi, su kuwa sun ga kewaye-kewaye. Rubuta wasiƙun biyu a allo, ka tambayi yara: me kuka gani, me kuka zata, me za ku tambaye su? Wanda ya ce "haka Turawa suke", tuna masa wasiƙar mutum ɗaya ya karanta.

Ka kuma sa su bayyana hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ga wanda bai taɓa gani ba. Da yawa sai sun koma gida sun tambayi kakanni. Wajen ba da maki, duba ingancin tambayar da yaro ya yi. Gyaran nahawu a bar shi wata rana.